Saniyar Inna Kare Ce

Har gobe idan na shiga kasuwar Makarfi ranar Laraba, ba na rasa wanda zai ɗago kai daga bakin buhunsa ya ce, "Ɗan Bostan, ya jikin kare?" Ni kuma in ce da sauƙi, in ƙara sauri. Ban taɓa taka Bostan ba, ko a taswira sai na lalube ta, kuma tunda aka haife ni ban taɓa kiwon kare ba. Sunan nan saye na yi da kuɗi, kuɗin ma ba nawa ba, na gidanmu.

Abin ya faro ne a 2015. A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare, Asabar da Lahadi kuma in hau mota a Tashar Yari in tafi Zariya karatun difloma a fannin gudanar da kasuwanci. Wata Asabar malaminmu ya zana murabba'i a allo, ya ja layi a tsaye, ya ja wani a kwance, ya zama ɗaki huɗu kamar fangalin albasa. Ya ce zanen ya fito ne daga wani kamfanin ba da shawara na birnin Bostan a Amurka, mai suna Boston Consulting Group, wanda Bruce Henderson ya kafa a 1963. Tun 1970 da Henderson ya yi ɗan gajeren rubutu a kansa, manyan kamfanonin duniya suka ɗauke shi madubin da suke dubawa kafin su yanke inda za su zuba kuɗi da inda za su janye.

Tambaya biyu kacal zanen ke yi wa kowace sana'a. Kasuwar abin nan tana bunƙasa, ko ta tsaya cik? Kai kuma, in aka gwada cinikinka da na wanda ya fi kowa a cikin abokan gogayyarka, kai ne a sama ko shi? Idan kasuwa tana ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara kuma kai ke riƙe da ita, sana'ar tauraro ce, a ciyar da ita. Idan kasuwar ta daina girma amma har yanzu kai ne babba, saniyar tatsa ce, a tatse ta a shayar da tauraro. Idan kasuwa na gudu kai kana baya, alamar tambaya ce, ko a zuba mata kuɗi sosai ko a sake ta. Idan kuwa kasuwa ba ta motsi, kai ma ba kowa ba ne a cikinta, to wannan kare ne, a sallame shi. Malam ya ce shi Henderson da farko bai ce kare ba, cewa ya yi dabbar da ake ajiyewa a gida don sha'awa. Da ma sun bar shi haka, da na tsira da rabin mutuncina. A can kare a kan kujera yake kwana. A nan kuwa ka ce wa mutum abinsa kare ne, ka ga yadda za ku ƙare.

Ni dai zanen ya shiga raina. Duk abin da na kalla sai in ga ɗaki huɗu. Mai shayin tasha, direban da ya ɗauko mu, har abokan karatuna, kowa na sama masa ɗaki a zuci. Na ci jarrabawar darasin da makin da ya fi na kowa a aji, abin da ya kamata ya zama gargaɗi ga duk mai ƙaunata.

Ana cikin haka, damina na ja da baya, hawan jini ya kwantar da Baba. Likita ya ce ya huta da zirga-zirgar fadama da ta kasuwa. Ni ne babban ɗa namiji, ni ne kuma mai boko, don haka wata safiya ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini makullan rumbu. Na durƙusa na karɓa, na ce, "Baba, ina littafin lissafi?" Ya nuna kansa da yatsa, sannan ya nuna aljihun 'yar-shararsa. A raina na ce, ga matsalar gidan nan tun fil azal, shekara arba'in ana kasuwanci babu tsari.

Abin da na tarar bai taka kara ya karya ba, amma ya riƙe gida mai baki kusan ashirin. Akwai gonar rake a fadama, wadda duk wanda ya san ƙasar Makarfi ya san ita ce martabar magidanci. Akwai injin niƙa a ƙofar gida, wanda Baba ya saya tun zamanin Shagari, ya girme ni, kuma idan ya tashi da asuba ko ladan sai ya ƙara murya. Akwai 'yar rumfar cajin waya da ƙanena ya kafa da ƙaramin janareto da allon soket. Akwai ɗan zirin tumatir a gefen rake, na miya, in ya yi yawa a yanka a shanya kauɗa. Sai kuma tsohuwar saniyar Inna da ke ɗaure a bayan ɗakinta, wadda kullum take kallona kamar ta san wani abu a kaina.

Na sayo farin kwali babba da alƙalamin maka kala uku daga Zariya. Kwana uku ina aiki a kansa. Ranar Juma'a bayan la'asar na tara mutanen gida a tsakar gida, na manna kwalin a jikin rumbu da ƙusa. Aka fito da Baba aka jingina shi da matashi. Baffa, ƙanen Baba, ya iso yana saɓa babbar riga, ya tsaya ya ƙare wa zanen kallo, ya ce, "To ɗana, mu baƙi a wane ɗakin za mu zauna?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don manaja ba ya dariya a taron farko.

Na fara da rake. Na ce rake saniyar tatsa ce. Baffa ya ce, "Rake?" Na ce rake. Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ake yi wa mai zazzaɓi in ya fara sambatu. Na ce tumatir shi ne tauraronmu, na kawo hujjoji, kuma hujjojin nan ba na banza ba ne. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, tumatirin gwangwani na ciki. Ga kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, da aka gina tun 1981, an sake tayar da shi bayan dogon barci. Ga na Ɗangote ana shirin buɗewa a Kadawa ta Kano. Ga sabuwar gwamnati kullum rediyo a koma gona. Na ce duk wanda bai shiga tumatir bana ba, ya yi wa kansa. Rumfar cajin ƙanena na ce alamar tambaya ce, ba za a ƙara mata ko sisi ba sai ta nuna alama. Ƙanen nawa ya ce ai batir ɗaya kawai yake roƙo. Na ce ilimi bai yarda ba.

Sannan na gangaro ɗakin ƙarshe, na ƙasa a hannun dama, inda na zana wani abu mai kunnuwa da jan maka. Na ce a nan abu biyu ne, injin niƙa da saniyar Inna.

Inna tana tsince shinkafa a faifai. Ta ajiye faifan.

"Maimaita."

"Inna, ba ni na ce ba. Lissafi ne ya nuna."

"Ya nuna me?"

"Cewa... a tsarin kasuwanci... saniyar tana ɗakin kare."

"Saniyar tawa kare ce."

"A takarda, Inna."

"Rake kuma shi ne saniya."

"Ƙwarai."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya wajen Baba ta ce, "Malam, kuɗin makarantar yaron nan da akuya aka saya da su, da yanzu sun cika gidan nan." Ta dawo kaina. "Kuma wa ya sa maka saniyata cikin gandunku? Kakarta da ita aka kawo ni gidan nan. Nonon uwarta ka sha da nawa ya ƙafe. Ka goge ta daga kwalin nan kafin in tashi."

Na goge, sai dai maka ba ya goguwa, don haka na ɗan shafa ne kawai ya yi dabbare-dabbare. Injin niƙa kuwa ba shi da uwar da za ta tsaya masa. Baffa ya ɗan yi ƙoƙari, ya ce injin nan ko ranar Sallah ba ya kwana bai kawo wani abu ba. Na ce canji ne, Baffa, tsabar silalla, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Kowa ya juya yana jiran Baba. Ya daɗe idonsa a rufe, sannan ya ce, "An ba ka, ka yi. Amma ka bar iri." Rabin farko na ji. Rabin ƙarshe sai bayan wata takwas ya iso kunnena.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a taron nan, kuma ina ganin ko kaina ban gaya wa ba. Zanen yana tambayar rabonka a kasuwa, amma bai ce wace kasuwa ba, kai ne za ka shata iyakarta. Da na zo kan injin niƙa, sai na gwada shi da duk injinan ƙaramar hukuma, har da sababbin da ke bakin kasuwa masu aiki dare da rana, ya fito ɗan mitsitsi. Da a ce da unguwarmu na gwada shi, sarki ne, don babu wani inji sai an tsallaka kwalbati an yi tafiya. Da na zo kan tumatir kuwa, sai na gwada gonar da nake mafarkin yi da ta maƙwabtanmu biyu a fadama, na fito zakara. Da na gwada da abin da ke sauka kasuwar Mile 12 ta Legas a rana ɗaya, da rabona bai kai cokali a kogin Galma ba. Gaskiyar magana, na tsani ƙarar injin nan tun ina yaro, kuma ina so wata rana a gan ni tsaye a bakin titi da biro a kunne ana loda mini kwanduna a babbar mota. Ilimin ya zo ya tarar da son zuciya ya riga ya share wuri, sai kawai ya shimfiɗa tabarma.

Wani mutum daga wajen Paki ya zo da a-kori-kura ya ɗauke injin. Ko tayi bai tsaya yi sosai ba, ya ƙirga kuɗi da sauri yana waiwaye, kamar mai tsoron kada wani babba ya fito daga cikin gida ya hana. Washegari matan unguwa suka riƙa shigowa wajen Inna ɗaya bayan ɗaya suna "ashe abin da ya faru ke nan," har wata baƙuwa ta ɗauka rasuwa aka yi ta fara salati.

Na juya kan saniyar tatsa. Al'adar Baba ita ce ya sare rake kaɗan-kaɗan tun daga farkon sanyi, dami-dami, yana bin farashi. Gajeru da karkatattu waɗanda 'yan lodi ba sa so, ya kai a matse a dafa a zuba a ƙananan kwanuka su daskare su zama mazarƙwaila, a jibge a ɗaki sai azumi ya matso. Wani yanki kuma ba a taɓa shi, shi ne irin baɗi. Ni kuwa ina sauri, tauraro na jiran nono. Na samu wani dillali na sayar masa da gonar a tsaye, gaba ɗaya, kuɗi hannu. Yaransa suka shiga da adduna suka share ta tas, dogo da gajere, har yankin irin. Na tsaya a bakin fadama ina kallon mota na fita tana rangaji, ina jin kaina kamar mai kamfani.

Da kuɗin inji da na rake na tsallaka titin Kano na kama hayar fili a wajen Hunƙuyi, ƙasar Kudan, inda noman rani ya zauna da gindinsa. Na sayi injin ban ruwa biyu da tiyo, na ɗauki 'yan ƙwadago, na ci bashin kamfa da yuriya a wajen wani mai shagon taki. A nan ma na nuna musu boko. Kowa ya san daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi ambaliya, har kwandon da aka zuba shi ya so ya fi shi daraja, manomi ya zubar a bakin hanya ya koma gida da kwandonsa. Na ce ni ba zan shiga wannan turmutsitsin ba. Zan jinkirta dashe, nawa ya nuna a Afrilu da Mayu, lokacin da na kowa ya ƙare, farashi ya tashi. Dattijon da na ɗauka ya kula mini da gonar ya ce, "Malam, tumatirin zafi caca ne. Ka raba, ka sa albasa a rabi, ko barkono." Na bayyana masa cewa ba a raba wa tauraro abinci. Ya dube ni, ya dubi sama inda taurari suke, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Tun kafin tumatir ya yi fure, karen da na kora ya fara cizo daga nesa. Sai da injin ya tafi na gane cewa silallan nan da na raina su ne gishiri da magi da man gyaɗa, su ne kuɗin tara na 'yan makaranta, su ne sabulu, su ne sallamar almajiri. Ba a taɓa zama an yi kasafin cefane a gidanmu ba, domin kullum da yamma yaron inji yakan kawo gwangwanin madara cike da canji a juye wa Inna a faifai. Yanzu kowace safiya sai in ga yaro tsaye a ƙofar ɗakina, "Yaya, an ce a ba da na cefane." Albashina da ba ya ganin ashirin ga wata ya daina ganin goma. Saniyar tatsata kuwa, wato rake, sai na tuna sau ɗaya ake tatsarta a shekara, kuma na riga na tatse ta har jini.

Ba a nan ya tsaya ba. Sharar inji da dusar da masu surfe ke bari, ashe su saniyar Inna ke ci tun tana maraƙa, su kaji ke tsattsaga. Saniya ta fara nuna haƙarƙari. Inna ba ta ce mini uffan ba. Ta riƙa sayen dusa da kuɗin ƙuli-ƙulinta, duk kwanon da ta saya ta ja layi ɗaya da gawayi a bangon ɗakin girki, daidai inda zan gani in na zo ɗaukar ruwan wanka. Ita ce mutum ta farko da ta buɗe littafin lissafi a gidanmu, kuma ni kaɗai ne a cikinsa.

Duk da haka gonar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. A ƙarshen Maris ka tsaya a kan kunya ka ga kore shar har inda ido ya tsaya, 'ya'ya sun fara ƙullawa. Na ɗauki hoto na tura wa abokan karatu. Har na fara tambayar kuɗin mota zuwa Legas.

Wata safiya a Afrilu dattijon ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini bai ce komai ba. A jikin ganyen akwai wani farin zane mai lanƙwasa, kamar yaro ya yi wasa da alli. Ya ɗaga shi saitin rana, sai ga 'yar tsutsa a ciki, tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana ta kiwonta hankali kwance. Ya ce, "Sharon ce." Na ce a yi feshi. Aka yi. Maganin ya sauka a bayan ganye, ita tana ciki kamar mai zaman ɗaki ana ruwa. Na sake cin bashi na sayo wani, na haɗa biyu, na haɗa uku, har wani ya ce a zuba kananzir, kuma ba zan ɓoye ba, na tsaya na yi tunani a kai. Da magariba in ka girgiza reshe sai ƙananan malam-buɗe-littafi masu ruwan toka su tashi kamar hayaƙi. Kafin mako biyu gonar ta koma kamar an bi ta da wuta. 'Ya'yan da suka tsira, ka matsa ɗaya ka ga ƙofar da ta shiga, ciki ya ruɓe.

Daga baya na karanta tarihinta, tunda karatu ne kaɗai abin da na iya. Sunanta na masana Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta tsallako Afirka tana bin gonaki ƙasa bayan ƙasa har ta iso mu. Tana son zafi, wato daidai lokacin da na zaɓa da basirata. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, aka ce wajen kashi 80 cikin 100 na gonaki sun tafi. 'Yan jarida suka sa mata suna Ebolar tumatir. Kamfanin Kadawa da aka buɗe a Maris ya tsaya don babu abin niƙawa. Farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo, ya ninka ya sake ninkawa, a birane ana sayar da tumatir ƙwaya-ƙwaya kamar lemo. Wannan shi ya fi ci mini rai. Hasashena ya fito daidai, ko kuskuren mako ɗaya babu. Na zauna a kan injin ban ruwa ina jin farashin a rediyo, ga ni da gaskiya, ga ni babu ko na miya.

Azumi ya kama a farkon Yuni. A karon farko tun tasowata babu mazarƙwailar gidanmu a kunun buɗa-baki, sai da aka sayo a kasuwa, watakila ma ta rakenmu ce. Aka zo gyaran fadama, babu iri, sai da Baffa ya bi abokansa yana roƙo. A lokacin ne rabin maganar Baba ta iso. Mai shagon taki kuma ya fara zuwa gaishe da Baba da jiki sau biyu a mako, mutumin da a da ko hanyar gidanmu bai sani ba.

To mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na koma littafi na gano cewa kuskuren daga ƙarancin ɗakuna ne. Ashe akwai wani zanen mai ɗaki tara, wanda kamfanin McKinsey ya tsara wa General Electric a farkon shekarun 1970, mai auna abubuwa da yawa ba biyu kawai ba. Na sayo sabon kwali. Ina tsakiyar ja layi a zaure Baba ya fito yana dogara sanda, lokacin ya fara samun ƙarfi. Ya tsaya a kaina, ya ƙirga ɗakunan da bakin sandarsa, ya ce, "An ƙara gini ke nan." Na yi shiru. Ya zauna a dakali.

"Ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma inji na yau ne. Mazarƙwaila ta azumi ce. Rake na shekara ne. Saniyar uwarka kuwa ta ranar kuka ce. Ba a haɗa su tsere, don ba gida ɗaya za su ba. A zanen naka ina ɗakin ranar kuka?"

Na duba huɗu, na duba tara, babu.

Ba zan ɗora wa mutanen Bostan laifin da ba nasu ba. Sun yi zanensu ne don kamfani mai rassa barkatai, wanda ya san adadin cinikinsa da na abokin gogayyarsa, kuma ginshiƙin maganarsu shi ne wanda ya fi kowa yawan ƙera abu shi ya fi kowa ƙera shi da araha. Wannan yana iya zama gaskiya a masana'antar injin jirgi. A fadamar da manoma dubbai ke shuka abu ɗaya, rana ɗaya ta ƙone su, tsutsa ɗaya ta cinye su, babu mai rabon da za a kira rabo. Kuma zanen yana ɗaukar kowace sana'a kamar ba ta san 'yar'uwarta ba, alhali a gidanmu kare ne ke ciyar da saniya. Na ɗan samu sanyi da na ga manya ma sun sha irin nasu. Jack Welch da ya karɓi General Electric a 1981 ya kafa doka cewa duk reshen da ba na ɗaya ko na biyu ba a kasuwarsa, a gyara shi, ko a sayar, ko a rufe, duniya ta yi ta tafa masa. A 2024 kamfanin da kansa ya kammala rabewa gida uku. Na kuma ci karo da wani Ba'amurke, Harry Markowitz, da ya nuna da lissafi a 1952 cewa hikimar haɗa dukiya ita ce a haɗa waɗanda ba sa faɗuwa rana ɗaya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Nawa suka ba shi?" Da na faɗa masa kuɗi ne masu yawa, ya ce Allah sarki, shi ga shi ko goro ba a ba shi ba.

Ranar kuka ta zo gab da Babbar Sallah, a Satumba. Mai taki ya daina gaisuwa ya fara maganar zuwa wajen mai gari. Wata Laraba da sassafe na ga Baffa ya kwance ɗan bijimin da saniyar nan ta haifa shekara biyu da suka wuce, ya ja shi kasuwa. Da yamma Inna ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye ƙullin kuɗi a gabana, ta ce, "Ungo. Ɗan kare ne ya kawo." Ta nuna bangon ɗakin girki da haɓa. "Wancan kuma daban, yana nan yana jiranka."

Bayan an biya mai taki, ragowar, da kuɗin injinan ban ruwa da na karyar, muka haɗa don mayar da injin niƙa. Na je Paki da kaina. Mutumin ya karɓe ni hannu biyu-biyu, ya kawo fura, ga injinmu a rumfa yana ta ruri, mata sun yi layi da kwanuka. Ya ce ko an ninka masa ba zai sayar ba, bai taɓa sayen abu mai albarka irinsa ba, kuma kullum yana sa ni a addu'a. Sabo kuwa ya yi tsada, don tun Yuni da aka saki naira ta faɗi daga 197 zuwa wajen 280 a dala, duk wani ƙarfe ya tashi. Muka ƙare da wani na hannu da ya fi na da ƙara. Yaron injinmu ya riga ya kama aiki wani wuri, saboda haka duk hutun makaranta na shekarar ni ne a bakinsa, fari fat da gari tun daga gira har yatsun ƙafa, yara na miƙo kwano suna "Ɗan Bostan, a niƙa da laushi in ji Gwaggo."

Alamar tambaya kuwa, wato ƙanena da na hana shi batir, ya je ya ci adashi ya saya da kansa. Daga caji ya ƙara sayar da kati, daga kati ya karɓo na'urar POS. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 har daga ƙauyuka ake zuwa layi a rumfarsa, yanzu rumfa uku gare shi da yara. Kwalin farko yana wajensa, ya manna shi a bayan kanta, da shafaffen karen da komai, ya ce don tarihi. Wai ya bincika a waya, ya tarar ɗakin da na sa shi yana da wani sunan a littattafan Turawa, yaro mai rigima, kuma a ganinsa an yi kuskuren wanda aka sa a ciki.

Makon jiya na je cire dubu biyar a wajensa. Ya ƙirgo ya miƙo, ya cire ladansa cif, naira ɗari. Na ce, "Haba, har ni yayanka?" Ya ce, "Yaya, ba ni na ce ba. Lissafi ne ya nuna."